Ƙiyasin Gurɓatar Iska daga Sinadaran Narkarwa a Karkarar Arewacin Kano: Matsayin Sunayen Hausa

1.0 Gabatarwa

Sinadaran narkarwa su ne ruwayen da ake tsinka fenti, gam, turare da magungunan feshi da su. Da zarar an buɗe su sai su bi iska, kuma idan suka haɗu da hayaƙin injuna a ƙarƙashin hasken rana sukan haifar da iskar ozon mai cutar da huhu da amfanin gona. Wannan maƙala ta dubi yadda ake ƙiyasta yawansu a yankin da Mortimore da Wilson suka bayyana a 1965 da karkarar Kano mai cunkoson jama'a.

2.0 Hanyar Ƙiyasi

Ƙa'idar ita ce a ninka yawan abin da aka yi amfani da shi da ma'aunin abin da ke fita daga cikinsa. A masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa ana iya samun adadin daga takardun sayayya. A gidaje kuwa, jagoran EMEP/EEA na Turai ya ba da kilo 1.2 ga kowane mutum a shekara a wajen Yammacin Turai. Bisa ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Bichi tana da mutane fiye da 270,000, wato fiye da tan 300 a shekara.

3.0 Matsalar Ma'aunin Aro

An gina wannan ma'auni a kan kayan kanti masu tambari. Manomin Bichi ko Ɗambatta kuwa yakan sayi fiya-fiya a ƙaramar kwalba ranar kasuwa, mai faci yana aiki da sholisho, kafinta yana tsinka fenti da tina ko fetur, sannan ana haɗa turare a kasuwa ba tare da rubuta sinadaransa ba. Feshin gona da na hatsin ajiya yana bin lokacin damina da kaka. Takardar tambayoyin da ta ambaci sunan sinadari kawai ba za ta sami amsa ba, domin mai saye sunan kasuwa ya sani, kuma awonsa kwalba ne da gwangwani da galan.

4.0 Kammalawa

Ingantaccen ƙiyasi yana buƙatar ƙamus da zai haɗa kowane sunan kasuwa da sinadarin da ke cikinsa, da kowane ma'aunin gargajiya da kwatankwacinsa na lita. Aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin masana Hausa, masana kimiyyar sinadarai da hukumar NESREA.