Yadda Ake Tatso Darasin Shugabanci Daga Littafin Labari

Yawancinmu don cin jarrabawa muka karanta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, muka haddace sunaye, muka ajiye. Amma wanda aka damƙa wa jama'a, ko da ƙungiyar matasan unguwa ce, yana da abin ɗauka a cikinsu, muddin ya sake salon karatu.

Fara da littafin da ka riga ka san ƙarshensa, domin mai ɗokin jin yadda za ta kaya ba ya lura da hanya. Littattafan da gasar rubutu ta 1933 ta haifar a Zariya, irin su Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara, gajeru ne, ana gama ɗaya a zama biyu. Ka tanadi biro da takarda.

Abu na biyu, rubuta burin tauraron labarin a jimla ɗaya, ƙarƙashinta kuma ka rubuta abin da ya tunzura shi. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan Bagaja don a warkar da ɗan sarki, amma abin da ya tashe shi tsaye shi ne wulaƙancin da aka yi wa wanda ya rene shi a fada. Sai ka juya takardar ka yi wa kanka haka. Kujerar da kake nema, don aikin ne, ko akwai wanda kake son nuna wa iyakarsa?

Na uku shi ne ƙashin bayan aikin. Duk inda tauraro ya iso mararraba, rufe littafin, ka rubuta abin da za ka yi da kai ne, da abin da zaɓin zai ci maka. Ɗauki Musa a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. Mahaifinsa, Sarki Abdurrahman, ya tafi yaƙi ya bar shi a gida, zuciya na ingiza shi ya bi sawu, Waziri kuwa ya ɗana masa tarko a waje. Akun da ke gidan bai tare ƙofa ba, bai ce masa kul ba. Labari ya riƙa ja masa har gari ya waye. A ganina aku ne shugaba a wannan wuri, don ya san ɗan sarki ba ya jin tsawa, sai ya bi da shi ta inda zai ji. Tambayi kanka ko kana da wannan haƙurin ga na ƙasa da kai, ko kuwa umarni kaɗai ka iya.

Bayan haka, bi sawun kunnen sarki, wato su wa yake saurara. A Shaihu Umar, hassadar fadawa ce ta sa aka kori Makau, mijin mahaifiyar Umar, daga gari, kuma daga nan gidan ya watse, yaro Umar ya faɗa hannun masu cinikin bayi, uwa ta shiga duniya nemansa. Jera mutanen da maganarsu ke sauya maka shawara, ka duba ko akwai mai iya ce maka ka yi kuskure.

Kada ka wanke tauraro tas. Damfarar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna a Ruwan Bagaja tana ba da dariya, amma ba abin koyi ba ce. Ware abin da ka ƙi daban.

Daga nan sai ka kai littafin majalisa. Ku uku ko huɗu ku karanta babi guda, kowa ya faɗi zaɓinsa a mararrabar kafin a buɗe shafi na gaba. Ka zaɓi hali ɗaya tak, misali jin ta bakin wanda aka kawo ƙararsa kafin yanke hukunci, ka gwada shi a taronku na gaba, sannan ka ɗauki littafi na biyu.