Zama da Maɗaukin Kanwa: Abokai da Shan Taba

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wani abu da ya faru gare ni, wanda nake so mu yi nazarinsa tare.

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta cikin birnin Bauchi, akwai wani yaro a ajina, ɗan shekara 14, mai kaifin basira wajen lissafi. Ana nan sai mahaifinsa ya rasu. Yaro ya fara fashi, yau ya zo gobe bai zo ba, har ya ɗauke ƙafa ɗungum. Ni kuwa ban bi sawunsa ba, sai na ja layi bisa sunansa cikin rajista, na ci gaba da aikina.

Bayan wata bakwai na gamu da shi kusa da Kasuwar Muda Lawal, yana zaune a bencin mai shayi tare da waɗansu samari, ga karan taba a hannunsa. Da muka haɗa ido sai ya mai da hannu baya, ya durƙusa ya ce, "Barka da yamma, Malam." Na ja shi gefe na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce, "Malam, ran da na fara, tari na yi ta yi har da hawaye, suka yi ta yi mini dariya suna cewa ɗan boko ne. Su ne ke sama mini dako, su ke saya mini abinci. In na ƙi, da wa zan zauna?"

Yadda abin ke farawa

Ku lura da maganar yaron nan. Bai ce taba ta yi masa daɗi ba. Cewa ya yi, da wa zai zauna. Yaron da ke makaranta yana da ƙararrawa mai raba masa lokaci, da malami mai sa masa ido, da tsararraki waɗanda suke tafiya tare. Ran da ya bari, duk waɗannan sun kuɓuce masa lokaci guda. Sai ya nemi wata ƙungiya a tasha, ko bakin kasuwa, ko gidan kallon ƙwallo, inda galibi waɗanda zai tarar sun girme shi. Kowace majalisa kuwa da irin kuɗin shigarta. A wata majalisar, kuɗin shiga shi ne ka karɓi guntun da aka miƙo maka.

Abin yakan bi mataki huɗu. Da fari yaro yana kallo kawai. Sa'an nan a aike shi wurin mai tebur ya sayo. Sa'an nan a ba shi kyauta ya zuƙa. Daga ƙarshe ya fara saya da kuɗin dakonsa, ya bi da minti ko goro don kada a ji wari a gida. Shi ya sa Hausawa suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma a san abin hanya biyu ne: abokai suna jan yaro zuwa taba, shi kuma in ya fara, sai ya riƙa zaɓen masu sha, yana gudun waɗanda ba su sha.

Abin da ke riƙe shi

Aboki ne ke ba da karan farko, amma wani abu dabam ne ke sa a nemi na ɗari. Cikin taba akwai sinadarin da ake kira nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, don haka ta yaro ta fi saurin kamuwa. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2012 ya nuna kusan 9 cikin 10 na manyan da ke shan taba kullum a ƙasar sun fara ne ba su wuce shekara 18 ba.

Ɓarnar kuwa an daɗe da saninta. Tun 1950 waɗansu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna dangantakar taba da ciwon daji na huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, har da waɗanda ba su sha, hayaƙin wasu kaɗai suke shaƙa.

To, doka fa? A 2015 Nijeriya ta kafa dokar taba wadda ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, sai dai kwali. Hikimar a fili take, gama kara guda ne yaro ke iya saya. Amma duk wanda ya zaga gari ya san har yanzu ana sayarwa ɗai-ɗai.

Aikin malami

Kada mu ɗauka abota sharri ce zalla. A 2008 waɗansu masana, Christakis da Fowler, sun buga nazarin mutum fiye da 12,000 waɗanda aka bi rayuwarsu shekara 32 a Amurka. Suka tarar in abokin mutum ya bar taba, yiwuwar shi ma ya ci gaba da sha takan ragu da kashi 36 cikin 100. Ashe igiyar da ta ja yaro cikin rijiya ita ce za ta fid da shi. Saboda haka ga shawarata.

1. In yaro ya yi fashin mako guda, a je gidansu. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro hakkin karatun shekara 9 kyauta, kuma dole.

2. A koya wa yara yadda ake cewa a'a. A yi shi kamar wasan kwaikwayo cikin aji, wani ya miƙa alli a matsayin taba, wani ya ƙi, har bakinsu ya saba.

3. Kada a rufe wa waɗanda suka bari ƙofa. A sa su cikin ƙwallon yamma, a bar su su zo taron makaranta.

4. Ban da tozartawa. Yaron da aka kunyata gaban jama'a, wurin waɗancan abokai zai koma.

5. Malamin da ke sha, kada ya aiki yaro sayen taba ko sau ɗaya.

Yaron nan dai mun je wurin kawunsa tare, aka sa shi koyon ɗinki a Wunti, inda maigidansa ba ya yarda a sha a shago. Ya rage ƙwarai, amma bai bari duka ba tukuna. Na tabbata da na taka zuwa gidansu tun makon farko, da aikin bai kai haka wuya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambaya domin tattaunawa: yara nawa ne suka ɗauke ƙafa daga ajin da ka koyar, kuma ka san inda suke zama yau?