Sunanka Yana Cikin Takarda Kuwa?

'Ya'yana masu koyon aiki a Bompai, da ku da ke sammako kuna shiga ƙofar kamfani da rigar aiki a leda, da ku da ke ƙarƙashin oga a garejin walda ko kanikanci, ku matso in faɗa muku abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. A Najeriya babu asusun gwamnati da ke biyan mutum kuɗi wata-wata don aikinsa ya tsaya. Ranar da aka ce injin ya tsaya, kowa ya koma gida sai an neme shi, abin da ka tanada shi ne naka.

A wasu ƙasashe ba haka ba ne. A Jamus, yaron da ke koyon sana'a a masana'anta ana cire ɗan wani kaso daga alawus ɗinsa, kamfani ya ƙara kwatankwacinsa, a zuba a inshorar rashin aiki. In ya kammala ba a riƙe shi ba, muddin ya yi wata 12 ana zubin, za a riƙa ba shi kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da yake karɓa na wani ƙayyadadden lokaci yayin da yake neman wani wuri. Mu ba mu kai nan ba tukuna, kuma iyayenku sun ga abin da rashinsa ke jawowa. Bompai ɗin nan, da Sharada da Challawa, sun yi zamanin da in jiniyar tashi ta kaɗa kekuna ke cika titi. Daga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 Naira ta faɗi, wuta ta yi ƙaranci, daga baya atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da takardar ɗaukar aiki ya sami abin da zai riƙe ya nemi haƙƙinsa na sallama. Wanda ya shigo ta hannun ɗan kwangila, ana biyansa a tafin hannu duk Asabar, da yawa haka suka fita da rigar jikinsu.

Shi ya sa nake tambayar kowane ɗayanku: sunanka yana cikin takarda kuwa? Ɗan abin da doka ta tanada, kusan duk a kan takarda ya rataya. Dokar Ƙwadago ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta, jami'in ƙwadago ya sa hannu, kuma kada ta wuce shekara biyar. Ita dai dokar ta ce in za a rage ma'aikata, wanda ya shigo ƙarshe shi ake fara sallama. Wane ne ya shigo ƙarshe? Kai ne, ɗana.

Abu mafi kusa da inshorar rashin aiki a wajenmu yana cikin dokar fansho ta 2014. A kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama, ana cire kashi 8 daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunanka da lambarka. In aiki ya ƙare kafin ka kai shekara 50, ka yi wata huɗu ba ka sami wani ba, kana iya karɓar har kashi 25 na abin da ya taru. Ba zai yi maka arziki ba, amma yana iya sayen injin walda na hannu ko ya biya kuɗin haya. To, ranar da aka ɗauke ka cikakken ma'aikaci, kada ɗokin albashin farko ya sa ka manta. Ka buɗe asusun, ka rubuta lambar a wuri biyu. Ka duba takardar albashi, sannan ka duba ko saƙo ya shigo wayarka, domin cirewa daban, zubawa daban, kuma doka kwana bakwai na aiki ta ba kamfani bayan biyan albashi. Wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar saboda kuɗin ruwa, tun 2021 hukumar fansho ta PenCom ta buɗe asusun da ba ruwansa da riba irin ta ruwa, sai ka nemi a mayar da kai can.

Akwai kuma wanda ya shafe ka tun kana ɗan koyo. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci mai koyon sana'a da lebura na wucin gadi, ko da baki aka yi yarjejeniyar. Kamfani ne ke biyan kashi 1 na jimillar albashi ga hukumar NSITF, ba a taɓa ko sisinka. In injin roba ya kama maka yatsa, ko sinadarin jima ya ƙona maka hannu, kada ka yarda a ɗaure da tsumma a ce ka yi shiru. Ka sa a rubuta ranar da abin ya faru, ka ajiye katin asibiti.

Ku kuma 'yan gareji da ba ku da akawu, adashi yana nan, kuma tun 2019 akwai fansho na masu sana'ar hannu, wanda ake iya cire wani kaso daga ciki in buƙata ta taso. Kuɗin cefanen da oga ke miƙo maka da yamma, ka ware ko kaɗan ne kafin ka isa wajen mai shayi.

Ban ce ka je ka tsaya wa maigidanka a gaban mutane kana karanto masa doka ba. Wanda ya koya maka sana'a uba ne, yana da haƙƙi a kanka har abada. Ka nemi mahaifinka, ko wanda ya kai ka wurin, su je su gaisa, cikin hira a yi maganar takarda: shekara nawa za ka yi, me za a riƙa ba ka, wace shaida za ka fita da ita ranar yaye. Mutumin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. In an rubuta, ka ɗauki hotonta a waya, asalin kuma ka ba mahaifiyarka ta ajiye maka. Ka yi wannan kafin watan nan ya ƙare.