Karen da ba ya ganin komi sai ƙwallo

Akwai irin karen da in ya ga ƙwallo, shi ke nan, hankalinsa ya tafi. A kira shi, ba ya ji. A aje masa abinci, ba ya ko dubawa. In an jefa ƙwallon sai ya ruga ya ɗauko, ya aje gaban mai shi, ya ja da baya yana haki, yana jiran a sake jefawa. Ko sau ɗari aka jefa, sau ɗari zai ɗauko.

Mai karen yakan yi zaton in ya yi ta jifa, karen zai gaji ya kwanta. Amma ƙafafunsa ne kawai suke gajiya, kansa bai yi aikin komi ba. Da ya sha ruwa ya ɗan huta, sai ya sake tashi. In kuwa aka ɓoye ƙwallon, sai ya yi ta haushi, ya tona rami a tsakar gida, ya tauna takalma, ya kori kaji.

Wannan wasa kuma yana da haɗari. Kare ba ya yin gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fid da zafin jikinsa. Karen da ƙwallo ya ɗauke wa hankali ba ya tsayawa don kansa, ko da ya galabaita. A bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Maradi ko Tawa ko Damagaram, yana iya faɗuwa tsakiyar wasa, har ya mutu.

To, yaya za a yi da irin wannan kare? Wani tsoho a Amurka ya nuna hanya.

Sunansa John Pilley, malamin jami'a ne da ya aje aiki, a lokacin yana zaune a garin Spartanburg, cikin jihar Karolina ta Kudu. A shekarar 2004 matarsa ta ba shi kyautar ƴar kwikwiya. Suka sa mata suna Cesa, wato mai bin abu a guje. Cesa irin karnukan kiwon nan ce da ake kira Boda Koli, waɗanda asalinsu daga iyakar Ingila da Sikotilan ne. Kakanninta kan wuni bisa tuddai suna tattara tumaki, kunnensu yana wajen fiton makiyayi. A gidan Pilley kuwa babu tunkiya ko ɗaya. Sai tsohon ya mai da kayan wasa su zama garkenta.

Ga yadda ya yi. Yakan ɗauko abu guda ya nuna mata, ya yi ta faɗin sunansa, wani lokaci har sau 40. Sa'an nan ya ɓoye shi, ya ce ta nemo. In ta kawo abin da aka ce, ladanta shi ne wasa: a jefa mata, ta kama, a yaba mata. In ba ta kawo ba, ba duka, ba tsawa, sai a sake. Kullum sukan koyi suna ɗaya ko biyu. Sukan yi awa huɗu ko biyar a rana suna wannan aiki, kuma sau da yawa tsohon ne yake fara gajiya.

Bayan shekara uku, Cesa ta san sunayen abubuwa 1022. A cikinsu akwai ƴan tsana na ƙyalle 800, da ƙwallo 116, da faifan jifa 26, sauran kuma tarkacen roba ne. Kowane ƙwallo da sunansa. Pilley da kansa bai iya riƙe sunayen duka ba, sai da ya rubuta wa kowane abu sunansa a jiki. Ita kuwa Cesa ba ta iya karatu ba, a ka ta riƙe.

Wani abin ya fi wannan ban mamaki. In aka sa baƙon abu cikin kayan da ta sani, aka faɗi sunan da ba ta taɓa ji ba, sai ta je ta dudduba, ta ɗauko baƙon. Kamar ta ce a ranta: sauran duk na san sunansu, ashe wannan ake nufi. An buga sakamakon wannan aiki cikin wata mujallar kimiyya a 2011. Cesa ta mutu a 2019, tana da shekara 15.

Ba kowane kare ne zai koyi suna dubu ba. Amma kowane kare yana da hanci. A hancin mutum, ƙwayoyin jin ƙanshi ba su wuce miliyan 6 ba, na kare kuwa sun haura miliyan 100. Shi ya sa jandarmomi da ƴan duwan suke son karen da ya haukace a kan abin wasa. A Faransa, a garin Gramat, akwai makarantar karnukan jandarma tun 1945. Don a koya wa kare neman miyagun ƙwayoyi, akan haɗa abin wasansa da warin abin da ake nema, a ɓoye. Shi karen, a ganinsa, abin wasansa yake nema. In ya gano wurin, sai a jefa masa. Halin da yake damun mutane a gida, shi ne a can ya zama sana'a.

Ɗan lakwal ma yana iya yin haka da karen gidansu, ba sai ya sayi komi ba. Da sassafe ko da yamma, in rana ta yi sanyi, sai ya kifa ƙwarya uku a ƙasa, ya sa ƙwallon ƙarƙashin ɗaya, karen yana gani. Ya ce: «Nemo!» In karen ya taɓa ƙwaryar da ke daidai, sai a jefa masa ƙwallon sau ɗaya tak. Bayan kwana biyu ko uku, a ɓoye ba tare da ya gani ba. Daga nan a kai ƙwallon bayan rumbu, ko cikin karmami, ko a ja shi bisa ƙasa a bar sawun wari har gindin bishiya. Kare yakan fara da rawar kai, yana duba ko'ina da ido. In ya rasa, sai ya sa hanci a ƙasa, ya natsu. Nan ne aikin yake farawa.

Minti goma ko sha biyar sun isa. In an gama, yaron ya ce: «Ya isa!», ya sa ƙwallon inda karen ba ya gani, ya ba shi ruwa, shi kuma ya wanke hannunsa da sabulu. Kada ƙwallon ya zama ƙarami ƙwarai, don kada ya maƙale wa karen a maƙogwaro.

Kalmomi
kwikwiyo: le chiot
garke: le troupeau
lada: la récompense
sunsuna: flairer

Tambayoyi
1. Me ya sa yawan jifan ƙwallo ba ya sa kare ya natsu?
2. Ta yaya kare yake fid da zafin jikinsa?
3. Cesa ta san ƙwallo nawa? In aka cire ƴan tsana da ƙwallo da faifai daga 1022, saura nawa?
4. Yaya Cesa take gane abin da ba ta taɓa jin sunansa ba?
5. Ku rubuta cikin kayenku wurare uku da za a iya ɓoye wa kare ƙwallo a gidanku.