Kundin Ganye da Iri: Shawarwari Ga Iyayen 'Yan Firamare

Idan malamin kimiyya ya ce yara su kawo ganye, ko su shuka wake a gwangwani su riƙa lura, kowa ya san inda abin yake ƙarewa. Ganyen ya murƙushe a gindin jaka, takardar zanen ta tafi ƙunshin ƙosai, ranar ba da maki kuma yaro ya tsaya hannu rabbana. Maganin wannan shi ne kundin da yaro zai haɗa da hannunsa, ya riƙa tara abin da ya gani a ciki tun daga farkon zango. Ba ya cin kuɗi, kuma da shi ake gane ko yaro da idonsa yake kallo ko kwafa yake yi.

1. Ku yi bango da kwalin taliya. Ku yanko falle biyu da suka ɗan fi takardun ciki faɗi, ku yi huji uku a gefe da basilla, ku zura zaren buhu ku yi ɗaurin zarge. Kada ku ɗinke shi, domin kowane mako za a kwance a ƙara shafi. Hujin aikin babba ne, amma ado da rubuta suna ku bar wa mai kundin.

2. Ku raba shi gida huɗu. Ganye, iri, tsuntsaye da ƙwari, sai yanayi. Tsohuwar kalanda ta isa raba su, in kuma aka naɗe gindinta aka manne da ƙaro ko gam, ta zama aljihu.

3. Kwanan wata da wuri a saman kowane shafi. Wannan ce dokar da ba a sassautawa. Ganyen tsamiya da babu rana a kansa ganye ne kawai, amma in an rubuta "12 ga Yuni, bayan masallacin unguwa", malami yana iya gwada shi da na watan Nuwamba ya ga abin da yaro ya fahimta.

4. Ku danne ganye kafin a manna. A shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a ɗora bulo ko turmi a kai, a riƙa canza jaridar kullum a kwanakin farko don kada ya yi fumfuna. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ganyen zogale ko na magarya ya bushe sarai. A manna biyu, ɗaya ta fuska ɗaya ta baya, saboda a bayan ne jijiyoyi suka fi fitowa.

5. Iri sai ya bushe ƙayau kafin ya shiga leda. Gero, dawa, wake, ƙwallon aduwa, 'ya'yan kuka da kalwar ɗorawa, kowanne da 'yar ledarsa da sunansa. In da sauran danshi zai ruɓe ya ɓata shafin da ke kusa. Ku sa busasshen ganyen darbejiya a aljihun don rage ɓarnar ƙwari.

6. Yaro ya zaɓi bishiya ɗaya ya bi ta shekara guda. A ganina duk kundin babu shafin da ya kai wannan amfani, kuma in akwai gawo kusa da ku, ku nuna masa shi. Gawo yana zubar da ganye da shigowar damina, lokacin da sauran itatuwa ke yin kore, sannan ya tofo da rani ya ba dabbobi 'ya'ya, shi ya sa manoma ke barin sa a tsakiyar gona gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Yaron da ya zana gawo da kuka gefe da gefe sau ɗaya a wata, ya ga ɗaya tana tuɓewa ɗaya tana sa riga, zai kawo muku tambayar da kansa, kuma daga tambayar ake fara kimiyya.

7. Ku shuka wake da masara rana ɗaya. Gwangwani biyu masu huji a gindi, ƙasa iri ɗaya, ruwa daidai. Cikin 'yan kwanaki wake zai ɗago ɓari biyu na ƙwayarsa sama da ƙasa, masara kuwa ta fito da tsinke ɗaya ta bar ƙwayarta a binne. Ya auna tsawonsu da rula duk bayan kwana biyu ya rubuta, in wani ya mutu ma ya rubuta ranar da abin da yake zargi.

8. Da damina ku auna ruwan sama. Ku ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da indararo da inuwar bishiya, a auna zurfin ruwan da milimita kowace safiya sannan a zubar. In ya tara lissafin wata-wata zai ga dalilin da ya sa ake cewa Agusta ce ta fi ruwa a Kano da Katsina da Damagaram. A shafin nan kuma ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa, da ranar da hazon hunturu ya sauka.

9. Ku tura shi wurin kaka ta faɗa masa sunaye. Tsofaffi da makiyaya da masu sayar da magani a kasuwa sun san ciyayin da littafin makaranta bai ambata ba, da abin da ake yi da su. Ya rubuta sunan Hausa, da boko ko ajami, da wanda ya gaya masa, sunan kimiyya kuma malami ya taimaka. Aikin ba ƙarami ba ne: da irin wannan tambaya likita J. M. Dalziel ya tattara littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

10. Akwai abin da ake zanawa daga nesa. Ruwan tumfafiya yana cutar da ido, 'ya'yan zurman da na cini-da-zugu da zaƙami kuma guba ne, don haka kada su shiga kundin da ƙanne ke iya buɗewa. Ba a ɗaga dutse da hannu saboda kunama, ba a taɓa sheƙar tsuntsu.

11. Kada ku yi masa zane, kada ku cire shafin da ya karkace. Na san hannu yana ƙaiƙayi in aka ga balbela mai ƙafa uku, amma ku daure. Zanen farko ne ma'aunin na ƙarshe, in babu shi babu wanda zai san yaro ya ci gaba.

12. Ku duba kundin tare sau ɗaya a mako. Minti goma ranar Asabar sun isa, da tambaya uku: me ka gani, me ya canza tun wancan mako, me kake so ka sani? In za ku ba da maki cikin goma, ku ba huɗu ga abin da ya lura da kansa, uku ga rubutu a kan lokaci, biyu ga bayanin baki, ɗaya kacal ga tsafta, don kada mai kyan rubutu ya rinjayi mai kaifin ido.

13. Ƙarshen zango ya zaɓi shafi uku ya kai wa malami. Ya faɗi dalilin zaɓen kowanne, ya kuma nuna wanda yake ganin zai sake yi da kyau. Bayan an dawo da kundin ku sa shi a leda ku rataye a ƙusa, nesa da bango mai danshi da gara, domin zango mai zuwa a kansa za a ɗora.