Ɗalibi ya ci jarrabawar muhalli, amma me ya gane?

Duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawar kwas ɗin tasirin ɗan Adam a kan muhalli, a jami'a ko a kwalejin ilimi, ya san irin tambayoyin da ke yawan fitowa. Mene ne gurɓatar muhalli? Kawo abubuwa 5 da ke haddasa kwararowar hamada. Lissafo illoli 4 na sare itatuwa. Ɗalibi ya kwana yana haddar takardun da malami ya raba, gari ya waye ya juye su a takardar amsa, ya tashi da maki 70. Bayan mako biyu a tambaye shi abin da ya sa ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja, sai ya yi zuru.

Laifin ba na ɗalibin ba ne. Abin da aka tambaye shi ya amsa. Matsalar tana cikin tambayar, domin wannan kwas gaba ɗayansa a kan bin sawu yake: mutum ya yi wani aiki, aikin ya taɓa ƙasa ko ruwa ko iska ta wata hanya, wani ya amfana, wani ya kwana a ciki, sannan a duba abin da za a iya gyarawa. Tambayar "kawo" da "lissafo" sunayen abubuwa kawai take aunawa, ba ta nuna ko ɗalibi ya iya haɗa wannan da wancan. Tun 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa a Amurka suka jera matakan sani, suka sa tuna abin da aka karanta a matakin ƙasa, nazari da yanke hukunci a sama. Kusan duk malamin da ya bi ta tsangayar ilimi ya karanta wannan jeri. Amma ranar tsara tambayoyi, ga aji cike maƙil ga wa'adin miƙa sakamako, sai a koma matakin ƙasan, don shi ya fi saurin makawa.

Gyara yana farawa tun ranar farko, kafin a koyar da komai. Ɗalibai ba sa shigowa aji da kai fayau. Suna zuwa da abin da suka riga suka ɗauka gaskiya ne. Kuskuren da ya fi shahara shi ne cakuɗa ɓulewar rufin ozon da ɗumamar yanayi, har ɗalibi ya ce zafi ya ƙaru ne don sama ta huje rana tana shigowa. Alhali abu biyu ne daban. Sinadaran da ake sawa a firji da na'urar sanyaya ɗaki a da su suka cinye ozon, shi ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987. Ɗumamar yanayi kuwa daga iskar da ke fita ne idan an ƙona fetur da gas da kwal ko an share daji, wadda ke riƙe zafi kusa da ƙasa. Gajerun tambayoyi 10 a makon farko, ba tare da maki ba, sun isa su tono irin waɗannan kura-kurai. A ajiye takardun. A makon ƙarshe a sake ba da tambayoyin nan dai, a gwada da na farko. Tazarar da ke tsakani ita ce aikin da kwas ɗin ya yi, kuma sau da yawa malami ne ya fi ɗalibai shan mamaki.

Ita kuwa jarrabawa, a gina ta a kan abin da ya faru da gaske. Arewacin Najeriya ba ta rasa irin waɗannan. A 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Bincike ya gano gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutane suka dukufa haƙa, kuma duwatsun da ake haƙowa a wurin suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gida a farfasa, a niƙa, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta shiga ƙasa da abinci, yaro ya taɓa ya kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aka kuma ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Ƙauyen Bagega kuwa bai samu wannan aikin share ƙasa ba sai 2013. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Malami zai iya tambaya, "A wace shekara aka samu ɓullar gubar dalma a Zamfara?" Mai hadda ya gama da wannan. Amma a ce da ɗalibi ya bayyana dalilin da ya sa yara 'yan ƙasa da shekara 5 suka fi mutuwa, ba mazan da ke shiga rami ba. A ce ya faɗi abin da zai faru in aka ba yaro magani aka maida shi gidan da ba a share ƙasarsa ba. A ce ya auna tsakanin hana haƙar zinariya kwata-kwata da fitar da wurin niƙa bayan gari, ya faɗi wanda ya fi yiwuwa a ƙauyen da noman damina kaɗai ba ya riƙe gida. Nan ne za a ga wanda ya gane hanyar da gubar ta bi.

Akwai kuma matakin da ya fi wannan. In an koyar da labarin Zamfara a aji, kada a tsaya a kansa kaɗai a jarrabawa. A kawo wanda ba a koyar ba: wani fili a cikin unguwa inda ake fasa tsofaffin batiran mota ana narka dalmar ciki, ga makarantar allo a gefe, ga mai tuyar ƙosai a bakin hanya. Ɗalibin da ya fahimci Dareta zai ga ƙurar nan take, ya san wa ke cikin haɗari. Wanda ya haddace sunayen ƙauyuka zai yi ta neman Zamfara a cikin tambayar bai same ta ba.

Tafkin Chadi na da wani amfanin dabam, wato gwada ko ɗalibi ya iya auna dalilai da juna. A shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Amsar da ta fi zuwa bakin ɗalibi ita ce "ayyukan ɗan Adam", domin sunan kwas ɗin ke nan. Amma babban farin da ya afka wa yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 shi ne ja-gaba, tafkin ba shi da zurfi, kuma mafi yawan ruwansa daga kogin Chari da Logone yake zuwa, wato daga ruwan saman da ke sauka can kudu. Ɗiban ruwa don noman rani ya ƙara a kai. A ba ɗalibi jadawalin ruwan sama da taswirar tafkin ta shekaru daban-daban, a ce ya raba abin da fari ya yi da abin da mutum ya yi. Wanda ya ɗora wa mutum komai bai fi wanda ya wanke mutum tas ganewa ba.

A nan ne ya kamata malami ya yi hattara da kansa. Maki na hujja ne, ra'ayi ba ya cin maki. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Sun ba Kano ruwan sha da noman rani a Kadawa da Kura, inda ake samun shinkafa da tumatir. Sun kuma canja yadda ruwa ke sauka fadamun Haɗeja da Nguru: ambaliyar da ke zuwa da lokacinta ta ragu, ruwa ya koma kwanciya a wasu hanyoyi duk shekara, kachalla ta samu wurin zama, masunta da makiyaya da manoman fadama suka ji a jikinsu. Ɗalibi ɗan Kura zai iya kare madatsar, ɗan Nguru ya soke ta. Muddin kowannensu ya kawo hujja, ya kuma ambaci abin da ɗaya ɓangaren ya samu ko ya rasa, duka biyun sun cancanci cikakken maki. Da zarar ɗalibai suka gane ɓangaren da malami ya karkata, shi za su riƙa rubuto masa, a koma gidan jiya.

Don haka a rubuta ma'aunin maki tun kafin a ba da aiki, a kuma raba wa ɗalibai. Layi huɗu sun wadatar: ya gano aikin da mutum ya yi, ya bayyana hanyar da illar ta bi, ya kawo shaida, ya ba da shawarar da za ta iya aiki a wurin. Shawara irin ta "gwamnati ta wayar da kan jama'a", wadda ke rufe kusan kowace takardar amsa, kada ta ci komai sai an faɗi wa za a wayar, a kan me, kuma wa zai yi.

A jami'o'i da dama, kashi 30 ko 40 na maki na aikin cikin zango ne, sauran na babbar jarrabawa. Asara ce a ƙarar da wannan kaso a gwaji guda mai kama da jarrabawar. A tura ɗalibai waje. Ba sai an nemi motar makaranta ba. Rukunin mutum 5 su ɗauki magudanar ruwa ɗaya a unguwarsu, su ƙirga ledojin da ke cikin taku 50, su dawo bayan an yi ruwa su sake ƙirgawa. Wasu su zauna da mai sayar da gawayi su ji daga wane daji buhunan ke zuwa da yadda farashi ya canja. Waɗanda ke Kano su bi kogin Jakara, ko su duba inda ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa ke fita, daga nesa, ba tare da taɓa ruwan ba. Kuma kada aikin ya zama na ɓarna zalla. Manoman Maraɗi da Damagaram sun dawo da itatuwa a miliyoyin hekta tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin kututture ya toho a gona a riƙa yi masa aski maimakon a tumɓuke shi. Ɗalibi ya ƙirga gawo a gonaki biyu, ya tambayi masu su dalilin bambancin. Wannan ma tasirin ɗan Adam ne.

Aikin rukuni na da ciwonsa: mutum ɗaya ya yi, huɗu su sa suna. Yanzu kuma ga ChatGPT, mai rubuto rahoto a kan kwararowar hamada kafin shayi ya huce. Maganin duka biyun ɗaya ne. Rahoton da ya dogara da ƙirgen da aka yi a wata takamaimiyar kwata, da hoton wurin da ranar da aka ɗauka, ba ya samuwa a intanet. Sannan kowane rukuni ya tsaya gaban malami minti 5, malami ya zaɓi wanda zai amsa. Tambaya ɗaya, "Me ya sa adadin ya ƙaru bayan ruwa?", ta isa ta nuna wanda ya je wurin.

Malamin da ke da ɗalibai 400 zai ce duk wannan zancen masu ƙaramin aji ne. Yana da hujja, amma akwai dabarun da ba sa buƙatar makawa. Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a jami'ar Harvard, ya yi suna da wata hanya tun farkon shekarun 1990: a jefa tambaya mai zaɓi, kowa ya ɗaga hannu a kan amsarsa, a ba su minti biyu kowa ya shawo kan maƙwabcinsa, a sake ɗaga hannu. Malami na tsaye yana ganin inda aji ya karkata. Haka nan a ƙarshen lacca kowa ya rubuta a 'yar takarda abu ɗaya da bai gane ba, ba suna. Ba sai an karanta duka ba. A zaro 30 a duba, a buɗe lacca ta gaba da abin da ya fi maimaituwa.

Babbar jarrabawa ma ba sai an rushe ta ba. A bar kashi ɗaya cikin uku ga gajerun tambayoyin ma'ana da suna, domin wanda bai san mene ne zaizayar ƙasa ba ba zai yi nazarinta ba. Sauran a ba tambayoyi biyu masu labari da jadawali ko taswira, ɗaya daga abin da aka taɓo a aji, ɗaya sabo fil. In masu makawa sun fi ɗaya, su fara maka takardu 10 tare da ma'aunin nan mai layi huɗu, su daidaita hannu, sannan su raba sauran.