Yarin Filibi da 'Yan Sandan Ikilisiya: Darasi a kan Nauyin Aiki da Fid da Zuciya

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:25-34; 1 Sarakuna 19:1-8

Yawancin masu bi sun san yarin Filibi ta wurin tubarsa da baftismar iyalinsa. Ba a cika tsayawa a kan aya ta 27 ba, inda mutumin ya zare takobi zai kashe kansa. Ma'aikacin tsaro ne a bakin aiki, da tsakar dare. Ya farka ya ga ƙofofin kurkuku a buɗe, ya ɗauka fursunoni sun tsere, ya kuwa san irin abin da ke jiransa, gama a sura ta 12 Hirudus ya sa an kashe masu gadin da Bitrus ya kuɓuce musu. Tsoro ya kama shi, ga kuma makami a hannu. Bulus bai jira ba, ya ɗaga murya ya hana shi, ya tabbatar masa ba wanda ya fita.

Ɗan sandan Nijeriya bai yi nisa da wannan hali ba. Shi ne ke fara isa wurin haɗarin mota, shi ke ɗaukar gawa. Yakan kwana a shingen bincike, a sauya masa wurin aiki nesa da iyali, ya kuma binne abokan aikinsa. A watan Oktoba na 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, an kashe 'yan sanda, an ƙone caji ofis da dama. Laifuffukan da suka jawo fushin jama'a gaskiya ne, ba mai ɓoye su. Amma kofur ɗin da bai zalunci kowa ba shi ma ya koma bariki da abin da ya gani.

Me ya sa ba ya faɗa? An horar da shi kada ya nuna rauni, yana kuma tsoron a ce ya taɓu, a karɓe masa bindiga, ƙarin girma ya wuce shi. A nan ikilisiya take da laifi nata: sau da yawa abin da aka faɗa wa dattijo a ɓoye yakan fito ran Lahadi da sunan roƙon addu'a, kafin yamma ya zaga bariki. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake buɗe baki ba. Fasto ko matar fasto da aka ba amana, sai su riƙe ta. Iyakarta ɗaya ce: in rai yana cikin haɗari, dole a gaya wa wanda zai iya ceto, shi kaɗai, da sanin mai maganar.

Matar gida ce ta kan fara gani: barci ya ƙaurace, giya ta ƙaru, fushi ba dalili, ya daina zuwa sujada, yana cewa ya zama kaya ga iyali, ko ya soma barin wasiyya. Kada a yi kewaye-kewaye. A tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa. Binciken likitoci ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani. In ya amsa i, kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi da bindiga da maganin ƙwari, a kai shi asibiti a ranar.

Wasu suna ganin zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa rashin bangaskiya ne. Iliya ma ya roƙi mutuwa, amma mala'ika bai tsauta masa ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙin a rufa masa asiri. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Aro ta Abeokuta, Yaba ta Legas, Enugu, Kalaba, Benin da Kaduna, ban da asibitocin koyarwa.

Tambaya domin tattaunawa a gida: 'yan sanda nawa ne a ikilisiyar, kuma wa ya ziyarci gidan ɗayansu a watanni uku da suka wuce?